Orrin Biyu a Baranda Ɗaya

"Na dama ne," in ji mutumin da ya ɗora 'yarsa a wuya. "Dubi ƙirjinsa, numfashi yake yi."

"Kai kullum sai ka ce na dama," matarsa ta ce. "Bara ma na dama ka ce, ashe tsumma ne da ciyawa."

Nadine Kubik tana tsaye a bakin igiyar da aka gitta a gaban gidan, riƙe da kofin ruwan tuffa mai zafi. Ita tun da rana ta gama shari'arta. Na dama ne. Ta ga shuɗin fentin da ke maƙale a ƙarƙashin faratansa, ta ga ƙirjin yana hawa yana sauka a cikin tsohuwar kwat ɗin nan mai ruwan ƙasa. Jira kawai take rana ta faɗi ya miƙe, ta yi masa dariyar da ta tanada.

Yammacin Halowin ne, bikin da yara ke shigar dodanni suna bin gidaje karɓar alewa, kuma kamar kowace shekara duk layin Alder ya tattaru a ƙofar gidan Orrin Tesar. Sauran gidaje sun yi iya ƙoƙarinsu, kowa ya fafe kabewa ya sa mata kyandir, amma ba wanda ke yaudarar kansa. Daga wasu unguwannin birnin Toledo ma mota-mota ake zuwa don ganin farfajiyar Orrin. Ga maƙabartar kwali da sunayen maƙwabta a jikin duwatsun, ga ƙwarangwal yana tura injin yankan ciyawa, ga wata mayya mai faɗin kafaɗa tana tuƙa motar 'yan makaranta. Ba a buƙatar a gaya wa kowa fuskar wa aka ba mayyar, don Nadine ta tsufa tana tuƙa irin wannan motar kafin ta yi ritaya.

Orrin mai zane ne. Da ƙuruciya hotunan littattafan yara yake zanawa, daga baya ya koma ƙera wa gidajen wasan kwaikwayo kayan ƙarya: burodin da ba ya ciyuwa, takobin roba, yankakken hannu da sai ka kau da kai. Tun da matarsa Irma ta rasu ya tare a gareji, shekara guda yana sassaƙa da shafe-shafe saboda maraice ɗaya tak. Mutum ne mai taurin kai da baƙar magana, kuma Nadine tana sonsa irin son da ake yi wa ƙanin da ba ya jin magana, ko da yake shi ne babba.

Wasan da ya sa ake cika ƙofarsa mai sauƙi ne. Yakan zauna a baranda a tsakiyar mutum-mutuman da ya ƙera, ya ƙame ko ƙiftawa babu, yara su yi ta canki wanne ne mai rai. In rana ta faɗi ya miƙe da wani irin gurnani, a watse da ihu, a dawo a karɓi alewa. Doka ɗaya ce: ba a ƙetare igiya, ba a taɓa kowa. Bana ya kwashe sauran duka, ya bar kujeru biyu kawai. A kan kowace akwai Orrin, da kwat iri ɗaya, da hula iri ɗaya, da kwanon alewa a cinya. Na hagun fuskarsa tana sheƙi kamar an shafa mata kakin zuma, hannayensa fes, farare tas. Duk wanda ya san Orrin ya san hannunsa bai taɓa yin tsafta haka ba.

Duane, mijin Nadine, ya matso kusa da ita cikin shigar ɗan fashin teku, ido ɗaya a rufe da baƙin ƙyalle. Tun ɗazu yake wani murmushi da ya fara ba ta haushi.

"Kin zaɓa, Likita?"

"Ka sake ce min Likita ka gani."

Sunan ya samo asali ne daga bara. Orrin ya daɗe yana tari tun bazara, yana shan maganin hawan jini, sai a tsakiyar wasa ta ga kansa ya langaɓe. Ta tsallake igiya tana kiran sunansa, shi kuwa ya zabura ya cafke ta, ta saki ƙarar da har yau tana yawo a wayoyin mutanen layin. An yi dariya, amma shi da aka watse bai yi ba. Ya same ta a ƙofar gida ya ce, "Nadine, langaɓewar nan ta ƙarshen wasa ce, kin sa na ɓarar da ita tun rana ba ta faɗi ba. Ko gani kika yi na mutu, ki bari a tashi tukuna." Ta yi masa alkawari. A nan suka ƙulla caca: in bana ta canki daidai, shi zai share mata ganyen da ya zube a farfajiyarta, in ta faɗi ita za ta share nasa. In ta faɗi zaɓinta da ƙarfi kuma ta dace, zai ɗan ɗaga ƙaramin yatsansa, ita kaɗai za ta gani.

"To wanne?" Duane ya sake tambaya.

"Na dama. Ko makaho ya ga yana numfashi."

Duane ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa gwiwa. Sirrin ya yi makonni yana cin sa, kuma shi ba mutumin da za a ba ajiyar magana ba ne. Ya raɗa mata a kunne, "Kin tuna injin share gilashin tsohuwar motata? Shi ne a ƙirjin na daman. Ni na tayar masa da shi. Da balan-balan a cikin rigar. Ki nemo tsintsiyarki, uwargida."

Nadine ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon ƙirjin na dama, yana hawa, yana sauka, daidai wa daida, babu gaggawa babu tsayawa. Sai a lokacin ta tuna cewa tun da ta fito ba ta ji tari ko sau ɗaya ba. Orrin da ba ya iya gama gaisuwa bai yi tari ba.

Ta mai da idonta hagu. Wannan ne karon farko a yinin da ta dube shi da kyau. Hular ta ɗan zame. Kwanon alewar ya karkace a cinyarsa, wasu sun zube a ƙasa. Gefen bakinsa ɗaya ya saki, ya yi ƙasa, kuma daga idon wannan ɓarin akwai wani siririn layi mai danshi da ya ratsa sheƙin fuskar har zuwa haɓa.

"Dubi yadda ya narkar da fuskar wancan," wata mata ta ce a bayanta. "Kamar kyandir. Mutumin nan hannunsa da baiwa."

Nadine ta ce, "Duane, da kuka yi gwaji, haka bakin na hagun yake?"

"Wa ya sani. Kin san shi da ƙare-ƙare a ƙarshe."

"Ka duba da kyau. Cire abin nan daga idonka ka duba."

Ya ɗaga ƙyallen ya duba, sannan ya mayar. "Nadi, don Allah. Irin wannan tarkon ya ɗana miki bara. Yana can yana jin daɗi a ransa yanzu haka."

Gaskiya ne, zai iya. Ba abin da Orrin ba zai iya ba don ya ga ta sake tsallake igiyar nan a gaban mutane. Rana ta kusa faɗuwa, saura kaɗan ya miƙe da kansa. In ta haƙura na ɗan lokaci, ba ta karya alkawari ba, ba ta ɓata masa aikin shekara ba, ba a sake ɗaukar ta a waya ba. Ta ji kunya tana riƙe mata ƙafa, ta kuma ji haushin kanta da har take lissafa kunyar.

Ta ɗaga murya. "Orrin. Na canza, na hagu ne. Ka ji? Na hagu."

Yara suka juyo suna kallon ta. Ta zuba wa hannun na hagu ido, farin hannun nan da ke kan gwiwa. Ƙaramin yatsan bai motsa ba.

"Orrin, na faɗi cacar. Zan share. Ɗaga min yatsa kawai."

Yatsan bai ɗaga ba. Duane ya kama gefen rigarta. "Nadine, mutane na kallo."

Ta miƙa masa kofin, ta ɗaga igiyar ta wuce ta ƙasa.

"Likita ta dawo aiki," wani ya faɗa, aka kwashe da dariya. Wayoyi suka ɗaga sama. Wani yaro cikin shigar fatalwa ya ce, "Ba a shiga, Misis Kubik, doka ce." Ta bi ta tsakanin duwatsun kwalin, ta hau matakalar barandar. Da ta zo kusa ta ji ƙarar injin a ƙirjin na dama, ƙis, ƙis, a hankali. Ta durƙusa gaban na hagu tana jiran ya cafke ta. Da ya cafke ta da ta gode Allah.

Ta taɓa hannunsa. Da ɗumi, amma nauyi gare shi kamar ba nasa ba. Ya wanke shi tas da buroshi, har fatar ta yi ja a gefen farata, duk don ya ruɗe ta. Idanunsa a buɗe suke, suka juyo a hankali suka tsaya a kanta, kuma tsoron da ta gani a cikinsu ba na wasa ba ne. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito sai iska. Wandonsa ya jiƙe. Ta cire rigar sanyinta ta rufa masa a cinya kafin kowa ya gani.

"A kira motar asibiti," ta ce, ba ta waiwaya ba.

Aka tafa mata. Wani ma har da fito.

Ta miƙe ta juyo. Tana da wata murya da ta yi shekaru tana tsayar da faɗan yara da ita daga kujerar direba ba tare da ta taka birki ba, ita ta ɗauko. "Duane Kubik, ka ajiye kofin nan ka kira motar asibiti. Ɓarin jikinsa ya shanye. Kai mai wayar, sauke ta. Ku kwashe yaran nan daga hanya."

Tafin ya mutu da kaɗan-kaɗan. Har a lokacin wasu na murmushi suna kallon na dama, suna jiran a ce an ci su. Duane ne ya fara gane cewa ba za a ce ba. Kofin ya suɓuce masa, ya shiga laluben aljihun da shigar ɗan fashin ba ta da shi, sai da matar nan mai yabon fuska ta miƙa masa tata wayar.

Motar ta daɗe kafin ta iso, don layin cike yake da yara masu jakunkunan alewa, kuma da yawansu sun ɗauka jiniyar ma cikin shirin Mista Tesar take. Nadine ta zauna a ƙasa riƙe da hannunsa, tana goge masa haɓa da hannun rigarta. Ba ta san me ake gaya wa mutum a irin wannan hali ba, sai ta ce, "Ka ci ni, tsoho. Ka ci layin nan kaf. Ba wanda ya gane." Idonsa ya lumshe ya buɗe. A cikin tafinta ta ji ƙaramin yatsan ya ɗan motsa, ko kuwa ita ce take son ta ji hakan.

Ma'aikaciyar asibitin da ta fara hawowa barandar ta yi turus tsakanin kujerun biyu, har ta miƙa hannu wajen na dama.

"Wannan ne," Nadine ta ce.

Matar ta durƙusa, ta haska idonsa, ta kira sunansa. "Tun yaushe bakinsa ya karkace? Muna buƙatar sanin lokacin, maganin da za a ba shi ya dogara da shi."

Nadine ta dubi jama'ar da ke bayan igiya. Mutane sun fi a ƙirga, tun rana suke kallon barandar nan, kuma kowa ya sunkuyar da kai.

"Ke fa, Misis? An ce tun ɗazu kina nan."

"Ina nan," in ji Nadine. "Ɗayan nake kallo."

Orrin ya kwana biyu a asibiti bai yi magana ba, ya cika da safiyar rana ta uku. 'Yarsa Colleen ce ta kira daga can ta faɗa, muryarta a dashe, ta ce sai bayan jana'iza za ta zo ta buɗe gidan ta ga abin da za a yi da kayan. Ta yi wa Nadine godiya. Godiyar ta fi komai yi mata ciwo, ta ajiye wayar ta yi kukan da ta kasa yi tun ranar. Duane kuwa tun daren bikin bai sake cin abincin kirki ba, yana zaune a kicin yana juya ƙyallen idon nan a hannu.

Da hantsi ta ɗauki abin share ganye ta tsallaka titi. Ruwan da aka yi ya jiƙa duwatsun kwalin, sun fara lanƙwashewa, sunayen maƙwabta na zubowa. Igiyar na kwance a ƙasa. Kujerar hagu ba kowa, sai alewar da ta zube a ƙarƙashinta.

Ta hau baranda da niyyar kashe injin. Ta bi wayar wutar da ido daga ƙafar kujera, ta ga ta shige ta ƙarƙashin ƙofa zuwa cikin gidan da ke kulle. Ta gyara wa na dama hularsa da iska ta karkatar, ta sauka.

Ta fara shara daga bakin matakala. A bayanta ƙirjin yana hawa yana sauka cikin kwat mai ruwan ƙasa, hannun mai shuɗin fenti a kan kwanon alewa.