Sunan Dogo a Cikin Kaset

Kamfanin da ya ƙera na'urar wasan gem ɗin maigidana ya daina ƙera ta tun kafin a ɗaura mana aure, amma ɗana ne yau yake zaman makokinsa. Ya sayi riga mai tambarin kamfanin. Ya manna hoton na'urar a bangon ɗakinsa, inda hotona bai taɓa samun fili ba. In ka ji shi yana cewa, "An zalunce su, duniya ba ta san darajarsu ba," sai ka rantse gadonsa aka cinye.

Wanda ya shafa masa wannan ciwon abokinsa ne na jami'a, da suke kira Farfesa. Yaron ya san shekarar da kowane kaset ya fito, ya san wanda ya yi kiɗan ciki, ya san abin da ya karya kamfanin. Abin da bai taɓa yi ba shi ne riƙe na'urar a hannunsa. Duk iliminsa daga waya ya kwaso shi.

Ita kuwa na'urar tana cikin kwali a saman wadirof ɗinmu, ƙarƙashin tsofaffin labule. Maigidan direban babbar mota ne, ba mai yawan magana ba. Lokaci-lokaci in ya dawo daga tafiya yakan sauko da kwalin, ya jona ta da tsohuwar talabijin ɗin ɗakin ajiya, ya sa kaset ɗin jirgin yaƙi. Ba ya bugawa. Jira yake allon maki ya fito, ya kalli sunan da ke can sama, DOGO, sannan ya kashe. Dogo yayansa ne, ya rasu shekarar da muka yi aure. Hotonsa ɗaya gare mu, shi ma ruwa ya taɓa shi. Abin da ya rage nasa a gidan nan wannan suna ne, sai baƙin salatif da ya naɗe wayar abin dannawa da shi. Ɗana bai san wannan ba, don masu tarihi irinsa waya suke tambaya, ba ubansu ba.

Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar teburin cin abinci ya koma ɗakin tiyata. An shimfiɗa farin tawul ɗina na baƙi. Ɗana da Farfesa sun sa safar hannu, ga auduga, ga burushin haƙori, ga waya a jingine da kwalbar gishiri tana ɗaukar bidiyo. Na'urar tana ta ƙyalli, an ɓare salatif ɗin an jefa a kwandon shara.

"Umma, kada ki taɓa," in ji ɗana. "Kayan tarihi ne. Mamaki za mu ba Abba."

"Da izinin wa kuka hau saman wadirof?"

Farfesa ya gyara gilashinsa. "Mama, ceto muka yi. Akwai ɗan batir a cikin kaset ɗin, saura kaɗan ya zube ya lalata komai. Mun cire mun sa sabo. Yanzu kamar yau ya fito daga kamfani."

Ni ban san batir ba, amma na san duk abin da aka ce ya koma kamar sabo, an cire masa wani abu.

Da la'asar maigidan ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa. Suka ja shi ɗakin ajiya, Farfesa yana bin sa da waya don ya ɗauki farin cikinsa. Aka kunna. Kiɗan nan mai kama da kukan sauro ya tashi, allon maki ya fito. Babu DOGO. Wasu haruffa ne can da ba mu san su ba, jere reras.

"Abba, ka gani?" in ji ɗana cike da murna. "Sunayen da kamfanin ya sa tun asali ne! Mutane kaɗan ne suka taɓa ganinsu."

Maigidan ya bi sunayen da ido daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, "Ina na Yaya?"

"Wane Yaya?" in ji ɗana.

"Ashe batirin ne ke riƙe da makin," in ji Farfesa a hankali, yana sauke wayar. Ilimin ya zo, sai dai ya makara. Nan take ya tuna mahaifiyarsa ta aike shi, ya fita da safar hannun a hannunsa.

Ni ce na gaya wa ɗana ko wane ne Dogo, kuma ban tausasa ba. Na ce ya yi shekara yana kuka a kan mutanen da bai taɓa gani ba, ga baffansa a cikin kwali bisa kansa bai ko tambaya ba. Ya tsuguna yana ba da haƙuri. Na ji tausayinsa, amma na fi jin na uban, wanda ya je kwandon shara da kansa ya tsinto salatif ɗin ya sa a aljihu.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya miƙa wa yaron abin dannawa.

"Tunda kana son su haka, zauna ka buga. Yatsuna sun yi tauri. Kai za ka mayar da sunan Yaya inda yake."

Nan asirin masoyin kamfani ya tonu. Kafin in gyara tsayuwa an harbo jirginsa. Ya sake, aka sake harbo shi. Ya tambaya ko babu inda ake rage wahalar, uban ya ce a zamaninsu ba a san wannan lalacin ba. Yaron da ke iya awa guda yana bayanin kyawun gem ɗin ya kasa wuce matakin farko, gumi ya jiƙa rigar mai tambari.

Tun daga ranar, duk yammar da maigidan ke gari, suna ɗakin ajiya. Ina jiyo shi daga kicin: "Hagu! Yaya a nan yake laɓewa, ya bar su su wuce." A wata guda na ji labarin Dogo fiye da wanda na ji tun aurenmu. Farfesa bai sake zuwa ba, ina jin tarihin ya ishe shi.

Jiya na ji ihu na leƙa. Yaron ya samu shiga allon maki, a layin ƙarshe, can ƙasa. Wurin rubuta suna yana ƙiftawa.

"Abba, in sa DOGO?"

Maigidan ya kalli saman allon, inda baƙin haruffan suke zaune. Ya share ido da bayan hannu.

"Sa naka," ya ce. "Yaya bai taɓa zama a ƙasa ba. Sake kunnawa."