Tattabarar da Baba Shahata Ya Kama

Mutum goma sha huɗu ne a hannun Ustaza Nagat, amma Ramzi ne kaɗai ya sa ta daina saka takalmi mai tsini. Hawa shida ne zuwa saman benensu a unguwar Imbaba, kuma can yake wuni shi da tattabarunsa. Ita Nagat ba ta allura, ba ta rubuta magani. Idan likita ya sallami mai ciwon ƙwaƙwalwa, ita ke nemo masa inda zai riƙa zama cikin mutane, ko shagon kafinta, ko ajin ɗinki. Takan yi alfahari cewa ba wanda ya taɓa gagararta. To, Ramzi ya gagare ta.

Shekara biyu rabonsa da taka titi. Yana shan maganinsa, muryoyin da ke damunsa sun lafa, amma da ya kai ƙofar gida sai ya ji duk layin shi ake kallo, ya juya.

"Na samo maka masu tafiyar safe a bakin kogi," in ji ta wata rana, tana haki.

"Tafiya zuwa ina, Ustaza?"

"Ba ko'ina. Motsa jiki ne."

"Mutum ya tashi da sassafe ya tafi ba ko'ina, amma ni ne ke shan magani?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin yayansa Fikri ya riga ya tare ta a matattakala. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya ce ranar ɗaya ga wata za su koma wurin likita, kuma idan har lokacin Ramzi bai fara fita ba, zai nemi a sake kwantar da shi, a sayar da tattabarun. Nagat ta san yadda Ramzi ya dawo daga kwanciyar baya, wata huɗu bai ce wa kowa uffan ba. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

Saura kwana tara ta hau ta same shi zaune a ƙasa, abincinsa a rufe. Sultana ce ta tafi, farar tattabararsa mai baƙin wuya. Jiya da la'asar, da garkuna suka tashi suka cakuɗe a sama, Baba Shahata mai koren akurki, layi uku daga nan, ya yi mata fito ta bi nasa garken ta sauka.

Nagat ba ta tsaya tambayar kowa ba. Mace ce mai son a gama abu yau. Ta karɓi kwali a shagon ƙasa, ta huda shi da biro, ta nufi gidan Baba Shahata.

Ta tarar da tsofaffi biyar kewaye da butar shayi. Ta yi sallama, ta ajiye kwalin, ta ce ta zo karɓar tattabarar Ramzi. Sai wani ya ƙware da shayi, sauran suka fashe da dariya.

"Taki ce, 'yata?" in ji Baba Shahata, yana share hawaye.

"Ba tawa ba ce, Baba, amma ni ma'aikaciya ce." Ta miƙa katinta.

Ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi. "Hoton ma ya fi ki fara'a. Saurara, shekarata hamsin a saman bene, ban taɓa ba ɗan aike tattabara ba. Mai ita ke zuwa da ƙafarsa, ya zauna nan, ya sha shayi kofi uku, mu tsokane shi har mu gaji, ya faɗa da bakinsa cewa na fi shi iya fito. Sannan ya ɗauki abarsa."

"Baba, akwai dalili..."

"Dalilin me? Tawa goma sha ɗaya ya kama a shekara biyu, kowacce ya sako ta kafin in saka takalmi. Ya hana ni shan shayinsa! Wannan ba raini ba ne? Shekara biyu ina dakonsa, yau na samu, ki zo min da kwali?"

Haka ta sauko da kwalinta fanko, kunya kamar ta nutse. Ta koma ta faɗa wa Ramzi komai, tana jiran ya ƙara rikicewa. Sai ya miƙe zumbur.

"Kin je? Da kwali? Ustaza, kin kashe ni! Gobe duk Imbaba za a ce Ramzi ya tura ma'aikaciya da kati ta roƙo masa tsuntsu. Ina takalmina?"

Aka samo takalmin a bayan buhun dawa, ya yi ƙura. Layi uku ne, amma sun yi kusan rabin awa. A ƙofar gida ya ɗan dakata, sannan ya taka titi. Sau biyu ya tsaya ya dafa bango, gumi na zuba, ya ce ana kallonsa. Nagat ba ta ce masa ƙarya yake ba. Ta ce ita ake kallo, don har yanzu tana rungume da kwalin nan. Ya harare ta, ya ci gaba da tafiya.

Tsofaffin ba su raga masa ba ko kaɗan. Suka ce garkensa tashin agwagi yake yi, suka ce Sultana ma ta gode Allah da ta ga gidan mutunci. Ramzi ya sha kofi na farko kansa a ƙasa. A na biyu ya ɗago. Da aka zo wurin faɗin magana, sai ya gyara murya.

"Baba Shahata ya fi ni iya fito," in ji shi. "Sau ɗaya cikin goma sha biyu."

Wurin ya kaure da ihu. Baba Shahata ya ɗaga sanda kamar zai maka masa, sai ya zuba masa kofi na huɗu.

Ana gobe ɗaya ga wata, Nagat ta hau benen tare da Fikri, wanda har lokacin bai gaskata labarin ba. Suka tarar da Ramzi cikin gogaggiyar riga, yana ɗaura igiyar takalmi.

"Ina zuwa?" in ji Fikri.

"Wurin tsohon nan. Ya sake kama min wata, karo na uku ke nan."

Nagat ta ƙura masa ido. Jiya da la'asar tana nan a tsaye lokacin da wata raguwar tattabara ta ɓalle ta nufi koren akurki, shi kuwa yana kallo, hannu a aljihu.

"Ramzi, ai ko fito ba ka yi mata ba."

"Leɓena ne ya bushe, Ustaza. Kin san maganin nan."

Fikri ya juya baya yana ta gyaran hanci, wai ƙurar tattabaru ce. Nagat ta ɗauki jakarta za ta bi Ramzi, sai ya tsaya a bakin matattakala ya waiwayo.

"Ki huta, Ustaza. Na san hanya."