Ramuka Takwas

Ramuka takwas Mode ya haƙa a jere cikin ɗanyen yashin bakin hanyar ruwa. Ya sa tsakuwa a biyu na hagu, ya bar shida wayam, ya zuba musu ido. A bayansa injin ban ruwa yana ta tari, yana tura ruwan dam ɗin Goronyo zuwa fangalan albasar mahaifinsa.

Tun da ya gama sakandare yake bin Simeon, ma'aikacin lafiya mutumin Zuru, wanda ke kula da kwamfutocin wurin aikinsu. Shi ya nuna masa cewa kowace na'ura da ke kan layi tana da lambar gidanta, kuma aikin mai haɗa su shi ne ya raba lambobin nan unguwa-unguwa. Shi ne kuma ya sa sunansa a jarrabawar satifiket da za a yi a Sakkwato ranar Asabar.

"Ba a shiga da kalkuleta," in ji Simeon. "Sai ka iya da ka."

Mode ba shi da takardar ɓatawa, amma yashi kyauta ne. Abin da ya hana shi sakat shi ne yadda ramuka takwas kacal, wannan da tsakuwa, wancan babu, suke haifar gidaje ɗari biyu da hamsin da shida. Kullum sai ya sake gwadawa ko za su yi masa ƙarya. Ba su taɓa yi ba.

Ran nan Turai, tsohuwar da ke kai wa manoma fura, ta sauke ƙwaryarta ta durƙusa gabansa.

"Ɗana, duba min yarona Yari. Damina biyu da tafiyarshi kudu, ko waya."

"Inna, ba duba ba ne. Lissafi ne."

"Haka duk kuka cewa."

Ta daɗe tana kallon ramukan kafin ta tashi. Mode ya so ƙwarai a ce suna da abin gaya mata.

Zance ba ya kwana a fadama. Washegari da hantsi sai ga Malam Halliru, mahaifinsa, na'ibin limamin unguwarsu, ya tsaya a kansa.

"Mi kaka yi nan?"

"Karatu, Baba."

"Karatu. Ni kau an ce min ɗana ya koma bugun ƙasa. A masallaci anka faɗi min, gaban mutane."

Mode ya sunkuyar da kai. Magana ba ta cikin abin da ya iya.

"Simeon mutumin kirki ne, ban da ta cewa gare shi," in ji Malam. "Amma in wagga ita ce sana'ar, Sakkwato ba da yawuna ba." Ya ɗan nisa, yana leƙen tsakuwoyin. "Mai duba shi ɗai ka ganin abin da yaka gani. In lissafi ne, ni ma sai in gani. Koya min. In na gani, ka tafi. In ban gani ba, albasa na jiranka."

Ya tattara rigarsa ya tsuguna.

Mode ya kwashe tsakuwoyin.

"Gari ne, Baba. Gida ɗari biyu da hamsin da shida. In ba tsakuwa, unguwa ɗaya ce." Ya jefa ɗaya a ramin farko. "Yanzu ya rabu biyu."

"Don mi?"

"Ramin ko da tsakuwa ko babu. Hanya biyu ke nan. Unguwa biyu."

"In na ƙara wata fa?"

"Kowace ta sake rabuwa biyu."

Malam ya ɗauki tsakuwa da kansa, ya juya ta kamar mai duba irin shuka, ya sa a rami na biyu. Leɓɓansa suka yi ta motsi.

"Unguwa huɗu. Kowace gida sittin da huɗu."

"Sittin da biyu."

"A'a! To ga inda duban ya shigo. Ina biyun sunka tafi? Aljannu ka ba?"

Mode bai san lokacin da dariya ta kufce masa ba. Rabon da ya yi dariya gaban mahaifinsa har ya manta.

"Lambar farko sunan unguwar ce, ba a ba kowa. Ta ƙarshe ta shela ce. In an kira ta, duk unguwa ta ji."

"Sanƙira ke nan."

"Shi."

"Kowace unguwa da nata?"

"Kowace."

Malam ya shafa gemu. "Ashe in ka yawaita rabo, gidaje ka raguwa." Ya share ramukan da tafinsa, ya haƙa wasu da yatsa, karkatattu, ya sake yi tun daga farko ba tare da ya dubi ɗansa ba. Sittin da huɗu. Ya cire biyu. Ya share, ya koma gefe inda yashi bai taɓu ba, ya kuma yi, ko sabon wuri zai ba da wata amsa dabam.

"Sittin da biyu," ya ce a hankali, kamar wanda aka kayar a gardama amma bai ji haushi ba. "Asabar kac ce?"

"Asabar."

"To."

Wani babur ya taho kan gaɓar hanyar ruwa, ɗauke da buhunan taki. Ya rage gudu. Mai shi ya dubi uba da ɗa tsugune, kai da kai, a kan ramuka da tsakuwa, sannan ya murɗa wuta ya yi gari ko sallama babu.

"Wa ya wuce?" in ji Malam.

"Sale mai taki."

"Shi ke nan. Kafin la'asar Goronyo duk ta ji." Malam Halliru bai ɗaga kai ba. Ya miƙo hannu. "Ba ni ta uku mu gani."