Ɗan Koci Pruett

A garin Marlow Ferry, can cikin Mississippi, Wendell Pruett ya haura hamsin, likitan haƙori ne mai asibitin kansa, amma in ya shiga shago sai ka ji an ce, "Ga ɗan Koci nan."

Mahaifinsa, Harlan Pruett, ya karɓi ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta kwalejin garin tun ba ta da ko rigunan kirki, ya riƙe ta shekara talatin da 'yan kai, ya mai da ita abin tsoro a duk yankin. Ranar Asabar ɗin wasa kuwa garin watsewa yake, kowa ya nufi fili. Yaran da ya horar sun zama alƙalai da fastoci da dillalan motoci, kuma dukkansu "'ya'yana" yake ce musu. Wendell ya tashi yana jin ana raba wannan kalmar ga ƙartai bila adadin, alhali shi kaɗai aka haifa a gidan.

Ya gwada wasan yana sakandare. Ƙirjinsa ba ya ɗaukar gudu, hannunsa ba ya riƙe ƙwallo. Uban ya zo kallo wata rana, da suka shiga mota ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Riƙe karatunka, Wen, kana da kai." Shi ke nan. Mutumin da ake jiyo tsawarsa daga fili har gidan mai, a gida lallaɓa ɗansa yake kamar baƙo.

Sai ga Odell Mabry, ɗan wani manomin auduga, baƙar fata na farko da ya sa rigar kwalejin, a lokacin da hakan ke jawo wa mutum jifa a taga. Shi ke jefa wa ƙungiyar ƙwallo. Kowace Lahadi bayan coci yana gidansu. Mama Verna, uwar Wendell, ta soya kaza, Koci da Odell su jawo kwalbar gishiri da ta barkono su jera a tebur suna tsara wasa, Koci na zaginsa, Odell na dariya. Wendell yana can ƙarshen tebur, in yana son gishiri sai ya jira a gama kai hari.

Koci ya rasu da bazara. Da kaka ta kusa, kwalejin ta yanke shawarar sa wa filin wasa sunansa. A harabar coci Wendell ya ji labarin, daga bakin wani tsohon ɗan wasa.

"Likita, ka ji Odell ne zai yi jawabi a bikin sa sunan? Wa ya fi shi dacewa!"

Wendell ya yi murmushin dole, ya wuce gidan uwarsa. Ya same ta a baranda tana ɓare wake.

"Mama, kin san da wannan?"

"Ni na ce su kira shi."

"Ke? Ni na mutu ne?"

"Kai da ko a bikin 'yarka ka kasa haɗa magana biyu? Zauna ka taya ni."

Bai zauna ba. Washegari ya je ofishin shugaban kwalejin ya ce in babu shi a jawabi, to babu yardar iyali. Aka ba shi haƙuri, aka ce su biyun za su yi. Hakan ma bai kwanta masa ba, don haka ya tuƙa mota zuwa bakin kogi, inda Odell ke da rumfar gasa nama.

Odell ya taso daga cikin hayaƙi yana ɗingishi, tumbi ya fito, gashi ya yi fari.

"A'a! Mai cire haƙori! Wa ya mutu kuma? Zo ka ci haƙarƙari, ka rame kamar sandar tuta."

"Ba ci ya kawo ni ba. So nake ka bar min jawabin nan."

Odell ya goge hannu a tawul ya dube shi. "Mama Verna ce ta roƙe ni. Je ka gaya mata, in kana da ƙarfin hali. Ni dai ba ni da shi."

"Me za ka faɗa ma? Dubi ƙafarka. Wa ya mai da kai fili gwiwa a kumbure, ranar da aka ci kofi? Da yanzu ka buga wa manyan ƙungiyoyi, ba kana nan kana shaƙar hayaƙi ba. Mutumin nan ya gama da kai, Odell."

Odell ya juya naman da ke kan wuta, bai ɗago ba. "Ya tambaye ni. Ya riƙe wuyan rigata ya ce, 'Ina buƙatarka, za ka iya?' Na ce zan iya. Na sha kuka daga baya, ba na musu. Na yi shekaru ba na ɗaga masa waya. Amma tsakanina da shi ne wannan, ba ruwanka."

Wendell ya tsaya yana kallon gwiwar nan. Ya zo ne don ya tunzura mutumin, sai ya tarar da kansa yana kishin ƙafar da ta lalace. Uban nan bai taɓa riƙe wuyan rigarsa ba. Bai taɓa buƙatar wani abu a wurinsa ba, balle ya karya shi garin nema. Ko gabar shekaru da Odell ya yi da shi, Wendell ji ya yi da ma tasa ce.

"Ga nama, kai wa Mama," in ji Odell. Wendell ya karɓa, don ba yadda zai yi.

Ranar bikin filin ya cika har bayan shinge. Tun safe mutane ke gasa nama a bayan motocinsu, 'yan badujala na ta busa. An kafa dandamali a tsakiyar ciyawa, tsofaffin 'yan wasa sun jeru a gabansa, wasu da sanda, wasu da jikoki.

Wendell aka fara kira. Ya faɗi shekarar da aka haifi Koci, ya lissafa kofuna, abubuwan da kowa ya sani. Ya nemi wani labari nasa shi kaɗai, na uba da ɗa, bai samu wanda zai cika baki ba. Ya hango mutane suna hira, wani yana sayen gyaɗa. Sai zuciya ta ɗebe shi, ya matso da bakinsa ga lasifika.

"Yau za ku ji mutane da yawa suna cewa Baba. Ina so ku tuna, Harlan Pruett ɗa ɗaya ya haifa."

Wani can sama ya yi tsaki da ƙarfi. Wendell ya koma kujerarsa, uwarsa ko kallonsa ba ta yi ba.

Odell ya hau matakala a hankali. Kafin ya kai, jama'a sun miƙe suna kiran sunansa, har katakon dandamalin na rawa. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Likita ya faɗi gaskiya," ya ce. "Mu ɗin nan mun cinye masa kaza, mun cinye masa Lahadi, mun cinye masa uba, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Ku tafa masa."

Suka tafa kuwa, tafi mai ƙarfi, wasu na share hawaye. Wendell ya san ba shi ake tafa wa ba. Odell ya ɗauki baƙar maganarsa ya wanke ta ya mai da ita ado a jikinsa, kuma har zuciyarsa ya yi, abin da ya fi ciwo ke nan. Da aka sauko, Mama Verna ta saƙala hannunta a na Odell, suna tafe suna dogara da juna. Wendell ya biyo baya riƙe da jakarta.

Garin bai manta ba. Ba wanda ya ce masa komai, amma gaisuwa ta gajarce, wasu suka koma wurin wani likitan. Bayan rasuwar Mama Verna ya sayar da asibitin ya koma Memphis, kusa da 'yarsa, inda ya yi zaton sunan ba zai bi shi ba.

A makonsa na farko a asibitin da ya kama aiki can, wani dattijo ya zauna a kujera, ya karanta sunan da ke ƙirjin rigarsa.

"Pruett? Na Marlow Ferry? Kai, ashe ka san Odell Mabry ido da ido!"

"Na san shi," in ji Wendell, yana sa safar hannu. "Buɗe baki."