Tsallaken Hajjo

Ramlatu na tsaka da jan guga ta ji matan Hamdara na cewa an gano mai cin idon Lubabatu, 'yar ƙanenta Gambo. Wai Hajjo ce, tsohuwar nan mai man gyaɗa da ta taso daga Zermu shekarar da aka jefa ƙuri'ar i da a'a. Wai ta kama kurwar yarinyar ta ido, shi ya sa duk ranar da ta tafi cin kasuwar Mirriya sai ganin yarinyar ya washe, in ta dawo ya rufe.

Ramlatu ta ci gaba da jan ruwanta. Ta san mutanen garinsu: in tsohuwa ba ta da ɗa namiji, kuma manta ya fi na kowa shiga kasuwa, ba a daɗewa ake gano mata maita.

Ranar Lahadi ta bari sai da Hajjo ta ɗau tulun manta ta bi 'yan kasuwa. Sannan ta ja Lubabatu bayan gari, ta tsayar da ita gindin gawo, ta ja baya kamar nisan jifa, ta ɗaga muciya, ta tambaye ta abin da ke hannunta. Yarinyar ta tsuke ido har fuskarta ta yamutse, ta ce ita ko hannun ba ta gani. Hajjo kuwa a lokacin ta yi nisa.

A hanyar gida Ramlatu ta dinga tuna baya. Tun Lubabatu na fidda haƙoran gaba aka daina aikenta korar tsuntsu, don sai sun gama da zangarniya ba ta gan su ba. Da ta ƙara tasawa ta fara wuce manya ba gaisuwa, ta sha mari a kan haka. Bana ko ubanta ba ta shaidawa sai ya yi magana. Duk tsawon da ta ƙara, sai abin da take hange ya ƙara matsowa. Amma a ba ta allura, nan take ta zura zare. A ba ta gero, ba tsakuwar da za ta tsira. Kuma abin ya faro tun Hajjo na ɗakin mijinta a Zermu.

Ta zayyana wa Gambo duk wannan, ta ce a kai yarinyar lopital, asibitin nasara, a Damagaram. Ya ce boka ya riga ya duba, kuma nasara na ɗaure kayan tafiya, ba zai kai masa idon 'yarsa ya haɗa da shi cikin kayan ba.

"Yaya, ke tun da kika zauna birni kika sha ruwan famfo, komi sai kin yi gardama."

Da la'asar aka tare Hajjo a bakin gari. Sandar farko a tulun ta sauka, mai ya wanke mata fuska. Aka ja ta a ƙasa har ƙofar gidan Gambo, inda aka kwantar da Lubabatu a tabarma. Aka fizge mata zane, aka ce ta tsallake yarinyar tsirara yadda ake sa mayya, ta saki abin da ta kama. Hajjo ta ƙi, don ta san tsallakawa amsa laifi ne. Ta dinga kiran sunan Allah tana rufe jikinta da hannu. Ɗanladi mahauci ya maka mata ƙota a baki, haƙora suka zube. Ya ƙara mata a ƙugu, aka ji ƙashi ya amsa.

Ramlatu ta kutsa ta faɗa kan Hajjo, tana cewa ta gwada da safe, matar ba ta gari ma yarinyar ba ta gani. Ba ta san wanda ya sare ta a goshi ba. Ta dai ji mata sun danne ta, jini na cika mata ido, wata na raɗa mata ta yi shiru kada a ce bakinsu ɗaya da mayyar.

Da rarrafe Hajjo ta haye yarinyar.

Gambo ya ta da 'yarsa, ya juya ta wajen rumbunan bayan gari, ya tambaye ta ko ta gani. Ɗanladi ya riga ya sake ɗaga ƙota, yana jiran amsa. Hajjo na kwance gab da ƙafar yarinyar, numfashinta na fita da ƙyar kamar na akuyar da aka yanka ba a gama ba.

"Ina gani, Baba," in ji Lubabatu. "Na ga komi. Ku bar ta."

Wata ta rangaɗa guɗa. Tun da ido ya buɗe, ai maita ta tabbata. Aka cinna wa ɗakin Hajjo wuta, aka raka ta da jifa har ta fita gari.

Da taron ya watse, Ramlatu na zaune jikin danga, ba nisa. Lubabatu ta tsaya tsakar fili tana waige-waige.

"Gwaggo, kina ina?"

Washegari masu itace suka tsinci gawar Hajjo a hanyar Zermu.

Bayan kaka Ramlatu ta saka yarinyar a motar gyaɗa, ba ta nemi izinin kowa ba. A lopital likita ya dinga ɗora mata gilasai yana sauyawa, har aka kai kan wani mai kaurin gindin kwalba. Ta ɗago kai, ta daɗe tana kallon tabon goshin gwaggonta, ta tambaya yaushe ta ji wannan ciwon.

Wani tafinta ya fassara musu abin da likitan ya ce. Ƙwayar idonta ce ta yi tsawo fiye da kima, kuma tana ƙara tsawo yadda jikinta ke girma. Za a riƙa sake mata tabarau har wajen shekara ashirin, sannan abin ya lafa. Ba wanda ya taɓa idonta.