Masoyan Chindo Suna Ci-rani

Chindo yana da dubban mabiya a TikTok, amma har ranar Asabar ɗin nan bai taɓa yin musabaha da ko ɗaya daga cikinsu ba. A ɗakin ajiyar albasa na gidansu a Konni yake ɗaukar waƙoƙinsa, ya jingina waya da buhu, ya rungume gita. Waƙar da ta fito da shi ta kewar gida ce, mai sa ƙato hawaye. Shi da ya rera ta bai taɓa wuce Malbaza da ke nan kusa ba.

Yayansa Sharifu, wanda motocinsa ke kai albasa Abijan, bai yarda da mutanen da ba a iya gayyata suna ba.

"Tara min su wuri guda in gane su da idona," in ji shi. "In hili ya cika, na bar ka da garayarka. In bai cika ba, Litinin ka hau mota yaron direba."

"Gita ce, Yaya."

"Ko mi ce."

Chindo ya nemi aron farfajiyar wata lakwal, wato makarantar boko, ya jera kujeru, ya yi ta sanarwa a waya. Amsoshi suka yi ta zubowa: alamar wuta, alamar zuciya, "Allah ya kai mu". Ya ɗauki wannan a matsayin alkawari, alhali kowa ya san addu'a ce.

Aka yi la'asar. Tanimu mai lasifika ya gwada "alo, alo" har akuyar maƙwabta ta gaji ta fita. Sharifu ya zo ya zauna a kujerar gaba, ya miƙe ƙafa, ya waiga baya sannu a hankali yadda kowace kujera za ta samu rabonta na kallo. Chindo ya duba waya. Mabiyan suna nan yadda suke, har sun ƙaru. Ya duba ƙofa.

Sai ga amalanken jaki. Wata tsohuwa ta sauko da ƙyar, riƙe da waya nesa da jikinta kamar kwanon miya mai zafi.

"Kai ne mai waƙar? Ni ce Shatu, daga Bazaga. Ɗana Saminu ya aiko ni. Yana Libiya. Ga shi nan ciki, ya ce in nuna mai kai."

A fuskar wayar wani saurayi yana ɗaga hannu, bakinsa na motsi, muryar ta makale a hanya.

Bayanta wata amarya ta shigo da mijinta da ke Aljeriya, shi ma cikin waya. Wani dattijo daga Alela ya zo da 'ya'yansa biyu, ɗaya a kowane hannu, yana faɗa a kan kuɗin mota bai ma zauna ba. Haka suka riƙa shigowa jefi-jefi, iyaye da mata, kowa da nasa a tafin hannu. Kujerun ba su yi rabi ba.

Chindo ya fara waƙa. Ba wanda ya tafa, hannuwa duk suna aiki. Cikin wayoyin kuwa maza suna cunkushe a ɗakunan haya, goma a kan waya guda, suna bin amshi, kowane ɗaki da nasa jinkirin. Iya Shatu ta yi gyangyaɗi, Saminu ya koma kallon sararin samaniyar Konni, kuma bai yi ƙorafi ba.

Da aka tashi, Chindo ya tsaya gaban yayansa yana naɗe igiyar lasifikar da ba tasa ba.

"Yaya, in an haɗa da na cikin waya..."

"Kujera na ce ko waya?"

"Hili ka ce."

"To ya cika?"

Chindo ya ci gaba da naɗe igiya. Sharifu ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"Wancan dattijon na Alela, ɗiyansa biyu a Abijan suke, tashar da muke sauke kaya. Mutanenka na can, kai kana nan kana yi wa uwayensu kuka. Litinin ka hau motar Mato direba." Ya taka zuwa ƙofa, sannan ya juyo. "Ka ɗauko garayar. Amma bisa buhu za ta zauna, gaba wurin mutane ne."