Jegon Muhibba a Bergen

"Watan Yuli na ce, Rabi, kuma ban canza ba," in ji Basiru. "Duk wanda ya san garin nan ya ce Yuli ake zuwa."

"To buga wa ɗan da ke cikinta waya, ka ce ya jira Yuli," Rabi ta ce.

A kan wannan na shigo musu. Ni daddawa na zo roƙa, Allah shaida. Ƙofata tana kallon tasu a benenmu na unguwar Gubaira, nan Riyadh, bangon kuwa ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu. Na yi sallama ba wanda ya amsa, sai na nemi gefen kujera na zauna, don ba kyau tsohuwa ta daɗe a tsaye.

Ga abin da ya haɗa su. 'Yarsu ta fari, Muhibba, tana aure a Bergen, wani gari a bakin teku a ƙasar Norwe, inda mijinta Kamil ke aikin jinya. Cikin fari ne da ita, haihuwa a Disamba. Ta aiko wa iyayenta gayyata, Rabi tana so ta je ta yi mata wankan jego. Shi kuwa Basiru ya tsufa yana tuƙa wa wani Balarabe motar kayan lambu a kasuwar Aziziya, ya ce sai Yuli Balaraben, wato kafilinsa da ya tsaya masa a takardun zama, ke ba shi hutu, su tafi tare. Iƙamar Rabi, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, a ƙarƙashin tasa take. In bai danna mata izinin fita da dawowa a wayarsa ba, ko filin jirgi ba za ta wuce ba.

"Yauwa, Inna Baraka, duba nan." Ya tura mini waya har hanci. Duwatsu kore shar, gidajen katako ja da rawaya a jere bakin ruwa, jirage. "Wannan Yuli ne. Rana tana kai wa bayan isha'i ba ta faɗi ba. A Disamba fa? Sai hantsi gari ke wayewa, kafin la'asar ta sakaliya duhu ya rufe. Ruwan sama ba dare ba rana, ƙasa santsi. Matar da ko na'urar sanyaya ɗaki aka kunna sai ta kwana tari, ga ciwon gwiwa."

"Alhaji, ba kallon duwatsu zan je ba," in ji Rabi. "Yarinyar nan ba ta da kowa. Wa zai dafa mata ruwa? Wa zai dama mata kunun kanwa? Mijin da ke kwana a asibiti?"

"Turawa ba sa wankan jego, kuma suna rayuwa."

"Baturiya ka haifa?"

Na yi gyaran murya don kada dariya ta kuɓuce mini, amma raina ba daɗi. A hannuna Muhibba ta tashi. Hunturun bara ni ta riƙa kira, don ba ta son uwarta ta ji muryarta. Ta ce Inna, duhun nan cikin ƙirjina yake shiga, sai in zauna in yi ta kuka ba wanda ya taɓa ni. Maƙwabtanta kowa ya rufe ƙofarsa, ba mai leƙo wani. Ni ban ga rayuwa a garin da ba a leƙe ba. Yanzu a ce cikin wannan duhun za ta riƙe jariri ita kaɗai.

Kuma akwai maganar da ke yi mini ƙaiƙayi a harshe tun ranar Juma'a. Mariamou, mutuniyar Maraɗi da ke aiki a gidan matar kafilin Basiru, ita ta raɗa mini, ta ce in rufa. Na rufa kuwa, don mutum biyu kacal na gaya wa. Na ɗauka Rabi ta sani. Da na ji yadda take gardamar Yuli da Disamba, sai na gane ita kaɗai ce ba ta sani ba a benen nan.

"Basiru, ɗan nan," na ce, "shi Yulin a ina zai same ka?"

Ya sauke wayar a hankali. "Inna, ba ruwanki."

"Ai tambaya na yi."

Rabi ta dube ni, ta dube shi. "Me take nufi?"

Ni kuwa tunda na riga na tsoma ƙafa, sai na ƙarasa. Na ce an ce Balaraben ya miƙa wa ɗansa kasuwa, ɗan kuma ya ce samari yake so a kan mota. Iƙamar Basiru bayan ƙaramar salla za ta ƙare, ba za a sabunta ba, sallamar ƙarshe za a ba shi.

"Gaskiya ne, Alhaji?"

"Ina nan ina roƙonsu."

"Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne."

Rabi ta zame ta zauna a kan dardumar. Ba ta da boko, kamar ni, amma ta san abin da kowa ya sani a Riyadh: marar iƙama ba ya samun bizar Turai a nan. "Wato babu Yulin ma," ta ce. "Hotunan nan da kake nuna mini kullum, ka san ba za mu je ba."

"In kin tafi ba za ki dawo ba." Basiru ya dube ta. "Za ki ga jika, za ta ce Umma ƙara wata ɗaya. Iƙama ta mutu kina can. Ni in tattara tsummokaranmu ni kaɗai in koma Gusau, gidan da rabona da shi tun ina da baƙin gashi. Wa na sani a can?"

Wallahi sai ya ba ni tausayi. Ga gemu fari fat.

"Da ka gaya mini, da mun yi kukan tare," in ji Rabi. "Da na yi maka alkawarin ana arba'in zan dawo, kuma ka san ni. Amma ka zaɓi yarinyar nan ta haihu a cikin duhu ba uwa, don kada ka ci tuwo kai kaɗai." Ta nuna wayar. "Danna mini."

"Rabi."

"Danna, a gaban Inna."

Ya ɗago wayar. Sannan ya sunkuya yana latsawa, yatsansa na kuskure yana sakewa. Da ya gama ya juya mata fuskar wayar.

"Ga shi nan. Allah ya sauke ta lafiya." Ya juyo gare ni. "Ke kuma Inna, kin huta."

"Ni taimako na yi niyya, ɗan nan."

Ya zura takalmansa, ya fita, ya buga ƙofar da ƙarfin da ya sa benen ya amsa.